Ramukan nan fa ba yau aka fara haƙa su ba

Kwanan nan duk wanda ya buɗe Google Earth ya hango ramuka a dajin Birnin Gwari ko wajen Kagarko sai ya ɗora a Facebook ya ce ga ɓarnar masu haƙar ma'adinai, wani ya ce ai tsofaffin ramuka ne tun na kakanni, shikenan an kaure da musu.

Kowa ya san a 1928 masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu a kusa da ƙauyen Nok da ke yankin Jaba a kudancin Kaduna, wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya bi diddigi a shekarun 1940, daga baya aka gano murhunan narka tama masu shekara sama da 2000 a Taruga, kudu maso gabas da Abuja.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama. Bayan an kafa hukumar safiyo ta ƙasashen mulkin mallaka a Ingila a 1946, jirage sun yi ta shawagi suna ɗaukar ƙasar nan layi-layi har cikin shekarun 1960, kowane hoto yana hawa kan na kusa da shi da wajen kashi 60 cikin 100, ta yadda in ka jera biyu a ƙarƙashin madubi na musamman za ka ga rami da zurfinsa, tulin ƙasar da aka zubar a gefe ma ya taso. Ramin da ya cike yana riƙe danshi, da rani ciyawarsa kan fi ta kewaye kore. Taswira aka yi da hotunan, hanya da rafi da tudu. Su kuma masu tarihi hankali ya fi karkata ga abin da ake tonowa, kawunan yumɓu dai, ramin da aka ɗebi tama ko kuza kaɗan ne suka waiwaye shi. Wallahi wannan ne ke min ciwo, don hotunan sun riga tonon ganima na shekarun 1990, lokacin da aka yi ta haƙo kayan yumɓun Nok ana sayarwa, su ne za su raba tsohon rami da sabo.

Hoto kaɗai ba ya yanke hukunci, kududdufin da aka ɗebi ƙasar gini ma haka yake fitowa, dole a taka da ƙafa a nemi kashin maƙera da fasassun tukwane. Tarin hotunan yana nan a ajiye a Edinbura ta ƙasar Birtaniya, ɗalibi a Zariya zai iya neman na yankin Jaba ya gwama da na tauraron ɗan adam na bana.