Ma'anar Camfi da Dalilin da Ya Sa Har Yanzu Ake Kiyaye Shi

Camfi shi ne yarda da cewa wani aiki, ko wani abu, ko wani lokaci yana jawo wa mutum alheri ko sharri, alhali babu hanyar da hankali zai bi ya haɗa abin da aka yi da sakamakon da ake jira, kuma babu nassin addini da ya tabbatar da haɗin. Jam'in kalmar shi ne camfe-camfe, aikatau ɗinta kuma camfa, shi ya sa ake jin an ce mutanen gari sun camfa wata tsohuwar rijiya, ko an camfa wani kango har ba mai yarda ya kwana a cikinsa. Kalmar takan faɗaɗa a bakin mutane, domin akan ce an camfa ɗan dambe idan abokan karawarsa suka sa a ransu cewa ba mai iya buge shi, ko an camfa tela idan unguwa ta ɗauka ɗinkin salla ba ya kyau sai a hannunsa. Jigon dai ɗaya ne, wato an ɗora wa abu wani ƙarfi da ya wuce wanda aka tabbatar yana da shi.

Kusan kowane camfi yana tsaye ne a kan sharaɗi da sakamako. Wanda ya yi shara da dare ya share arzikin gidan. Wanda ya tsallake yaro yana kwance ya hana shi tsawo, sai in ya dawo ya sake tsallake shi. Yaron da aka saba ba shi ƙwai zai tashi ɓarawo, mai yin fito da dare yana kiran aljanu, mujiya kuwa in ta yi kuka a kan gida to mutuwa tana tafe. Akwai kuma na bushara, kamar ƙaiƙayin tafin hannu da ake fassarawa da shigowar kuɗi, sai dai na tsoro sun fi yawa, sun kuma fi daɗewa a zuciya.

Kalmar camfi hukunci ce a kan kanta, domin mutum ba ya kiran abin da ya yarda da shi camfi. Tsohuwar da ta ƙwace tsintsiya daga hannun jikarta bayan sallar isha'i ba za ta ce tana kiyaye camfi ba. Abin da za ta ce shi ne "ba kyau", ko "ba a yi", idan kuma aka matsa mata ta ce "haka muka taras". Sai wanda ya fita daga cikin abin, ko yake son a san ya fita, shi ne yake sa masa wannan suna. Saboda haka idan aka tambayi mutum kai tsaye ko ya yarda da camfi, da wuya ya amsa da e, musamman a gaban jama'a, tunda amsar tana nufin ya yarda da abin da shi kansa ya san ba shi da tushe. Mai son sanin matsayin camfi a rayuwar mutane ya fi kyau ya zuba wa hannuwansu ido.

Na san wata malamar asibiti wadda ta shekara fiye da goma tana aiki a ɗakin haihuwa. Duk lokacin da ta tace taliya, ba ta zuba ruwan zafin a makwarara sai ta ɗebi na sanyi a moɗa ta sirka shi, sannan ta yi bisimilla ta zuba a hankali. Na taɓa tambayarta ko ta yarda cewa akwai 'ya'yan aljanu da za su ƙone a wurin. Ta ce ita a ranta ba ta yarda ba, amma hannunta ne ba ya yarda ya zuba haka nan, domin tun tana 'yar shekara bakwai mahaifiyarta take tsawata mata a kai. A ganina yawancin mutanenmu a nan suke tsaye. Masu cikakken imani da camfi suna nan, waɗanda suka watsar da shi gaba ɗaya su ma suna nan, amma mafi yawa sun ƙaryata shi da baki suna kuma kiyaye shi a aikace.

Akwai lissafi a cikin wannan hali, ko da mai yin sa bai taɓa zama ya yi shi ba. Barin shara zuwa wayewar gari ba ya cin ko sisi. Amma idan mutum ya yi taurin kai ya share, sannan aka wayi gari akuyarsa ta mutu ko kasuwa ta juya masa baya, bayan asarar sai ya sha magana, a ce masa ai sai da aka faɗa maka. Zuciya kuma tana da son kai wajen ajiyar labari: ranar da mutum ya yi tuntuɓe da ƙafar hagu ya je bai sami abin da ya fita nema ba, ba zai manta ba, amma sauran ranakun da ya yi tuntuɓen ya kuma dawo da biyan buƙata ba ya ƙirga su. A shekarar 1948 wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, B. F. Skinner, ya sa tattabaru masu jin yunwa a keji, na'ura tana zubo musu abinci bayan kowace daƙiƙa 15 ba tare da la'akari da abin da suke yi ba. Shida daga cikin takwas suka kama maimaita duk motsin da abincin ya taras suna yi, wata tana kewaya keji, wata tana kaɗa kai, kamar motsin ne yake kawo hatsin. Masana sun yi ta muhawara a kan fassarar gwajin daga baya, amma misalin ya nuna yadda dacewar abu biyu a lokaci guda take rikiɗewa ta zama dalili.

Wasu camfe-camfen, idan aka tone su, tarbiyya ce aka lulluɓe da tsoro. A gidan da ba shi da haske sai na aci-balbal, mai shara da dare yana iya haɗawa da allura ko ɗan kunne ko kwabo ya zubar a juji, don haka maganar share arziki ba ta yi nisa da gaskiya ba. Yaron da ya zauna a dokin ƙofa ya tare wa mai ɗauke da tukunyar miya hanya, ruwan zafin da aka watsa a tsakar gida kuma yana iya samun jariri mai rarrafe. Iyaye sun lura cewa dogon bayani ba ya hana yaro ƙiriniya, sunan aljani kuwa yana hana shi nan take. Matsalar ita ce yaron yakan girma ya riƙe aljanin, dalilin kuma ba wanda ya taɓa faɗa masa. Wasu kuma ragowar tsohon addinin iskoki ne da Hausawa suka bi kafin Musulunci ya kafu, irin su tsoron gindin tsamiya da kuka, da tsoron suri da mararraba da tsakar rana.

A nan ne ya kamata a yi hattara da yadda ake jefa kalmar a yau, domin wasu sun mai da ita kwandon zuba duk abin da ya fito daga wurin tsofaffi. Uwar da ba ta faɗin sunan ɗanta na fari alkunya take yi, kuma ba ta ce wani bala'i zai sauka idan ta faɗa ba, don haka wannan al'ada ce. Hana yara yawo da faɗuwar rana ya zo a hadisi ingantacce, haka ma maganar cewa kambun baka gaskiya ne, saboda haka Musulmi ba ya lissafa su cikin camfi, ko da yake mutane sun yi musu ƙare-ƙaren da ba su da asali. Abin da yake mai da abu camfi shi ne wannan alkawarin sakamako wanda hankali bai gano shi ba, nassi kuma bai faɗe shi ba.

Musulunci ya taras da Larabawa da nasu. Idan ɗayansu zai yi tafiya yakan tayar da tsuntsu, in ya yi dama ya kama hanya, in ya yi hagu ya fasa, kuma daga sunan tsuntsu a Larabci aka samo kalmar ɗiyara, wadda malamanmu suke fassarawa da camfi ko shu'umci. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore ɗiyara, ya kore camfa mujiya da watan Safar, ya kuma nuna yana son kyakkyawan fata, wato kalma mai daɗi da mutum zai ji ta ƙarfafa masa gwiwa. Da rana ta yi husufi a ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, mutane suka ce saboda rasuwar ne, sai ya gyara musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. A ƙasar Hausa ma, tun kafin jihadin 1804, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi wa'azi ya kuma yi rubutu a kan masu girmama itatuwa da duwatsu da masu duba. Duk da haka, har gobe akwai gidajen da ake ɗar-ɗar da Larabar ƙarshe ta watan Safar, wadda ake kira Larabgana, ana cewa a ranar ne bala'o'in shekara suke sauka. Wannan ya isa ya nuna cewa jin wa'azi daban, cire tsoron da aka sha tare da nono daban.

Boko da arziki su ma ba su kashe camfi ba a inda suka fi yawa. A Amurka akwai dogayen benaye da yawa da ba a rubuta hawa na 13 a cikinsu, daga 12 sai 14. A Sin da Japan ana gudun lamba 4 saboda furucinta ya yi kama da na kalmar mutuwa, lamba 8 kuwa Sinawa suna ganin ta sa'a ce, har aka buɗe gasar Olamfik ta Beijing ranar 8 ga watan 8 na shekarar 2008 da ƙarfe 8 na dare. Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Japan a 1966. A lissafinsu na gargajiya, shekarar da suke kira ta dokin wuta tana zagayowa bayan kowace shekara 60, kuma an camfa cewa macen da aka haifa a cikinta za ta yi zafin hali ta halaka mijinta. A 1965 an haifi jarirai kimanin miliyan 1.8 a ƙasar, a 1966 adadin ya faɗi zuwa ƙasa da miliyan 1.4, sannan a 1967 ya haura miliyan 1.9. Iyaye ba sai sun yarda da dokin wuta ba kafin su guje wa shekarar. Ya ishe su su san cewa dangin wanda zai nemi 'yarsu nan gaba suna iya yarda.

Bahaushe ba zai ji wannan labari baƙo ba, domin muna da farar ƙafa. Yarinya ta tare a ɗakin mijinta, bayan wata uku gobara ta cinye shagonsa ko aka sallame shi daga aiki, sai a fara ƙus-ƙus a cikin dangi cewa tun da ta shigo abubuwa suka lalace. Ba wanda zai tambayi yadda wayar lantarkin kasuwar take, ko mutum nawa aka sallama tare da shi. Da a ce ciniki ne ya buɗe, da an ce tana da goshi, an riƙa yi mata sayayya, alhali a duka biyun ba abin da ta aikata. Idan kuma mijin rasuwa ya yi, ta sake aure na biyun ma ya rasu, to sunan ya bi ta ke nan, manema su janye, ita da 'ya'yanta su koma rakuɓe a gidan wani. Ban taɓa jin an bincika ƙafar ango ba idan amarya ce ta yi asara.

Don haka nake ganin kuskure ne a auna camfe-camfe duka da mudu ɗaya. Wanda ya ce igiyar ƙasa don gudun kiran sunan maciji da dare bai cuci kowa ba, malamar asibitin nan ma ba ta rage wa kowa komai da moɗar ruwan sanyinta ba. Amma hana yaro ƙwai yana raba shi da abinci mai gina jiki wanda kajin gidansu suke samarwa, a yankin da tamowa take kwantar da yara. Matse dakashi a zubar, a kan cewa nonon farko ba shi da kyau, yana hana jariri kariyar da ta fi kowace amfani a kwanakinsa na farko, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa a sa jariri a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwa. Mafi muni shi ne camfin da yake sauka a kan mutum, kamar tsohuwar da ba ta da kowa, wadda yaro mai zafin zazzaɓi ya ambaci sunanta cikin sambatu, aka taru a ƙofar gidanta ana cewa ta kama masa kurwa sai ta tsallake shi. Cikin taron akwai waɗanda in an tambaye su washegari za su rantse ba su yarda da camfi ba, kuma lokacin da ake jan tsohuwar ana tilasta mata, yaron yana nan kwance a tabarma ba wanda ya kai shi a gwada jininsa.