Waiwaye: Yadda Suwidin ta ɗora wa masu gina titi alhakin rayukan matafiya

A watan Oktoba na 1997 majalisar dokokin Suwidin ta amince da ƙudurin da ta kira Nollvisionen, burin kai wa ranar da ba za a rasa rai ko ɗaya a kan titi ba. Da yawa sun ɗauke shi mafarki. Sai dai maganar ta daɗe tana dahuwa.

Tun 1959 Nils Bohlin, injiniyan kamfanin Volvo, ya ƙera bel mai ɗaure ƙirji da ƙugu, kamfanin kuma ya bar sauran masu ƙera mota su yi amfani da shi kyauta. Duk da haka a tsakiyar shekarun 1960 haɗarin mota na cinye sama da mutum 1,300 duk shekara, a ƙasar da jama'arta ba su kai miliyan 8 ba. Lokacin ta hannun hagu ake tuƙi, alhali maƙwabta ta dama suke bi. A ƙuri'ar raba gardama ta 1955 kusan kashi 83 cikin ɗari sun ce a bar su da hagunsu, amma majalisa ta yi gaban kanta, ranar 3 ga Satumba 1967 da ƙarfe 5 na asuba aka koma dama, kamar yadda Nijeriya ta yi a 1972. Haɗura suka ragu don kowa na taka-tsantsan, da aka saba sai suka dawo.

Aka bi da dokoki: tilasta ɗaura bel a kujerun gaba a 1975, tsananta dokar tuƙi cikin maye a 1990. Duk direba ake ja wa kunne.

Nan ne Claes Tingvall, wanda ya karɓi sashen kiyaye haɗura a hukumar hanyoyi a 1995, ya juya maganar. Hujjarsa ita ce ɗan Adam ajizi ne: zai yi gyangyaɗi, zai yi ganganci, hankalinsa zai tafi wani wuri, kuma ba hukuncin da zai raba shi da wannan hali. Abin da za a iya aunawa shi ne iyakar bugun da jikinsa ke ɗauka. Mai tafiya a ƙasa da mota ta buge a gudun kilomita 30 a awa ɗaya yawanci yakan rayu, a 50 kuwa abin ya fi muni ƙwarai. Saboda haka idan kuskure ya kai ga mutuwa, wanda ya zana titin da wanda ya ƙera motar su ma da abin da za su amsa. A ganina wannan ne babban abin da Suwidin ta kawo, ya fi duk wata na'ura.

Daga nan aka rage gudu a unguwanni, aka yawaita shataletale, aka kuma ƙirƙiro titi mai layi uku da shingen waya a tsakiya don hana taho-mu-gama. An fara gwada shi a 1998 kusa da garin Gävle. Masu babur sun yi ta ƙorafi cewa wayar barazana ce gare su, ƙorafin da ya cancanci a saurara.

Tafiyar ba ta zo da sauƙi ba. A 1997 an rasa mutum 541, aka ɗauki alkawarin rage rabi zuwa 2007, amma a shekarar mutum 471 suka mutu. A 2020, shekarar korona da zirga-zirga ta ragu, adadin ya sauko 204. Yanzu burin gwamnati shi ne kada ya wuce 133 nan da 2030.