Sauka da tashi a baƙon filin jirgin sama

Filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa wuri ne da hukumomi uku ke tantance matafiyi: kamfanin jirgi, jami'an shige da fice, da kwastan. Tsarin kusan ɗaya ne daga Kano har Jidda ko Istanbul, sai dai girman gini da harshen alluna. Yawancin matsalar da ke tsayar da mutum a can kuwa tun daga gida take somawa, a takarda ko a agogo ko a cikin jaka.

Karanta tikiti

Kowane filin jirgi yana da laƙabi na haruffa uku: KAN na Kano, ABV na Abuja, NIM na Yamai, JED na Jidda, MED na Madina, ADD na Adis Ababa. Laƙabin ya fi sunan gari muhimmanci, domin wasu birane filayensu biyu ne ko fiye. Istanbul tana da IST a ɓangaren Turai da SAW a ɓangaren Asiya, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta isa ta sa mutum ya rasa jirgi.

Lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da ake magana ne, ba na gida ba. Saudiyya da Habasha da Turkiyya suna gaban Najeriya da Nijar da awa 2, Dubai kuma da awa 3. Ana rubuta shi da lissafin awa 24, kuma a nan ake yawan tafka kuskure: jirgin da zai tashi 00:30 ranar 15 ga wata, tun daren 14 ake zuwa masa. Wanda ya bari sai daren 15, jirginsa ya kwana da tafiya.

Takardu

Ƙasashe da yawa, har da Saudiyya, suna son fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. Sunan da ke tikiti da na biza su dace da na fasfo harafi da harafi. Katin rigakafin zazzaɓin shawara yana fara aiki bayan kwana 10 da yin allurar, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi na tsawon rayuwa. Masu aikin Hajji ana neman su da shaidar rigakafin sanƙarau, ita ma an yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa. Jami'in da ke buga tambari yana iya tambayar adireshin masauki da tikitin komowa, saboda haka a riƙe su a takarda, kada a dogara da waya kaɗai, don caji kan ƙare kuma intanet ɗin filin jirgi kan ƙi shiga.

Ya da zango

Nan ne aka fi shan wahala, kuma asalin abin shi ne yadda aka yanki tikiti. Idan tafiyar duka tana kan tikiti ɗaya, misali Kano zuwa Jidda ta Adis Ababa, yawanci ana tura kaya kai tsaye har inda za su, matafiyi ya bi allon masu canjin jirgi ba tare da ya shiga ƙasar ba. In jirgin farko ya makara, nauyin kamfani ne ya sama masa wani. Idan kuwa tikiti biyu ne daban, wanda sau da yawa shi ne mai araha, dole ya fita ta wajen shige da fice, ya karɓi kayansa, ya sake awo. Fitar nan tana bukatar bizar ƙasar, kuma in ya makara babu wanda zai biya shi. Rarar kuɗin ba kasafai take kai darajar wannan kasada ba.

Ko da tikiti ɗaya ne, akwai inda ba a wucewa haka. Masu fasfon Najeriya da Ghana suna cikin waɗanda ƙasashen Turai na yankin Schengen ke nema da bizar ya da zango ko da ba za su fita daga filin jirgi ba, sai dai akwai rangwame ga masu wasu takardu, kamar bizar Amurka ko Kanada mai aiki. A Amurka kuwa, a ƙa'ida, ana shige da fice ne a filin da aka fara sauka, a ɗauki kaya a sake miƙa su.

Sauka

Jerin ba ya canzawa: shige da fice, wurin karɓar kaya, kwastan, sannan ƙofar fita. A Jidda da Madina ana ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu. Lalle mai kauri a kan yatsu ko kaushin hannu kan sa na'ura ta ƙi karantawa, a yi ta maimaitawa layi yana jira, don haka mata su ɗage ƙunshin yatsu sai an dawo.

Lambar jirgi ake dubawa a allo don sanin bel ɗin da kaya za su fito. Ƴar takardar da aka manna a bayan katin shiga jirgi ko fasfo lokacin awo ita ce shaidar jaka. Tun a wurin awo a ƙirga su: jaka biyu, takarda biyu, kowace da sunan mai ita. Wannan ƙirga kariya ce daga a jingina wa mutum jakar da ba tasa ba, kuma shi ne dalilin da ba a karɓar saƙon da ba a buɗe an gani ba, ko daga ɗan'uwa ne. In jaka ba ta fito ba, a cike takardar ƙorafi a teburin kaya kafin a wuce kwastan. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan sufurin jiragen sama ta ba da kwana 7 don rubuta ƙorafi kan jakar da ta lalace, kwana 21 kan wadda ta makara.

Kwastan suna da hanya kore ta wanda ba shi da abin bayyanawa, da ja ta mai shi. A Saudiyya ana bayyana kuɗi ko zinariya da suka kai adadin da hukuma ta ƙayyade, a Tarayyar Turai yuro 10,000. Magani ya zo cikin kwalinsa da takardar likita. Hukumomin alhazai sun sha gargaɗi kan shiga Saudiyya da goro.

Mai niyyar Umra da zai sauka Jidda yana shirya haraminsa a jakar hannu, domin jirgi yana saitin miƙati ne kafin sauka. Mai sauka Madina sai zai tafi Makka yake ɗaurawa a Zulhulaifa. Kuɗin mota kawai ake canzawa a filin jirgi, farashin cikin gari ya fi sauƙi, kuma tasi a layin hukuma ake shiga.

Tashi

Filin Sarki Abdul'aziz na Jidda, wanda aka buɗe a 1981, misali ne na abin da ke rikita baƙo. Yana da Tashar Alhazai mai rufin tantuna, da Tashar Arewa, da sabuwar Tasha ta 1 wadda jirgin ƙasa na Haramain ke tsayawa a cikinta. Ba a taka su da ƙafa daga wannan zuwa waccan, saboda haka kafin a kira mota a tabbatar da tashar daga kamfanin jirgi.

Al'ada ita ce isa awa 3 kafin tashi, a lokacin Hajji fiye da haka. Kamfanoni da yawa suna rufe awo minti 60 kafin lokaci, ƙofar jirgi kuma minti 15 zuwa 20. Jaka ɗaya a kujerar gama-gari yawanci kilo 23 ce, jakar hannu wajen kilo 7, kuma ba a karɓar jaka guda da ta haura kilo 32 ko da za a biya. Tsaraba ce ke fasa lissafi, dabino da dardumai da turare, shi ya sa ƙaramin sikelin hannu ya fi buɗe akwati a tsakiyar jama'a.

Ruwa, mai ko turare a jakar hannu kada mazubinsa ya wuce mililita 100. Girman kwalbar ake dubawa, ba abin da ya rage a ciki ba. Fawa banki kuma akasin haka: a hannu ake riƙe shi, ba ya shiga kayan awo, saboda batirin litiyam yana iya kamawa da wuta inda babu mai gani. Iyakarsa ba tare da izini ba Wh 100 ce (Wh da mAh ma'aunan ƙarfin batiri ne), kuma mai mAh 20,000 yana wajen Wh 74. Zamzam ana ɗaukarsa ne a rufaffen galan na lita 5 cikin kwalinsa, a miƙa shi wurin awo. Lambar ƙofa tana iya canzawa bayan an buga kati, wasu filayen kuma ba sa shela da lasifika, don haka allo ake ci gaba da dubawa har a fara kiran layi.