Tsohuwar wuskin Skotland: me masu ɗanɗana ta suke nema a cikin kofi?

Giya haramun ce a Musulunci, kuma galibin masu karanta wannan ba sa kusantarta. Amma ganin an sayar da kwalba ɗaya ta wuskin Macallan ta 1926, irin wadda ake kira "single malt", a gwanjon Sotheby's a Landan kan sama da fam miliyan 2 a 2023, dole mutum ya yi tambaya.

Mece ce "single malt"?

Dokar Birtaniya ta 2009 ta fayyace ta. Dole a yi ta a Skotland, da ruwa da tsiron sha'ir, a masana'anta guda, a tace ta a tukwanen jan ƙarfe, sannan ta zauna a gangar itacen oak aƙalla shekara 3. Ƙarfin barasarta a kwalba ba ya kasa kashi 40 cikin ɗari. Idan aka gauraya ta masana'antu daban-daban, kamar Johnnie Walker, ta tashi daga wannan suna.

Me shekarun da ke jikin kwalba suke nufi?

Idan an rubuta 15, to mafi ƙarancin shekaru a cikin abin da aka zuba ya yi 15 a ganga. A ganga fa, ba a kwalba ba. Da zarar an ɗura ta a gilashi, lissafi ya tsaya, ko za ta yi shekara 30 a kabad.

To me ganga take yi mata?

Nan ne aikin yake. Sabuwar wuski fara ce kamar ruwa, mai zafi da kaifi a maƙogwaro. Itace yana shan ta yana amayar da ita yayin da yanayi ke sauyawa, sai ya ba ta launi da ƙamshi, ya kuma rage mata kaushi. Yawancin gangunan daga Amurka suke zuwa, domin dokar can ta tilasta wa masu wuskin bourbon amfani da sabuwar ganga da aka babbake cikinta, su kuma 'yan Skotland su saye tsofaffin. Irin waɗannan suna ba da ƙamshin banila da zuma. Gangunan da suka taɓa ɗaukar giyar sherry ta Sifen kuwa suna kawo duhun launi da ɗanɗano irin na busasshen inabi. Kowace shekara kusan kashi 2 cikin ɗari yana bin iska ta jikin itacen, wanda yana cikin dalilan tsadar tsohuwa.

Me ya sa wata take da laushi, wata kuma kamar hayaƙi?

A tsibirin Islay, masu wuskin Laphroaig da Lagavulin suna amfani da tsiron da aka busar da hayaƙin wata baƙar ƙasar fadama da ake ƙonawa, kuma warin yana bin wuskin har kwalba. A yankin Speyside, inda masana'antun Glenfiddich da Glenlivet suke, ba kasafai ake yin haka ba, shi ya sa tasu ta fi karkata ga ƙamshin tuffa da fure. Auchentoshan da ke kusa da Glasgow sau 3 take tace tata maimakon 2, don ta fito sakayau.

Yaya masana suke ɗanɗanawa?

Da hanci, fiye da baki. Suna zuba kaɗan a kofi mai faɗin ciki da tsukakken baki, irin Glencairn, su bar ta ta huta. Ba sa cusa hanci, don zafin barasar yana kashe jin ƙamshi. Suna shaƙa a hankali, baki a ɗan buɗe, kamar mai sayen turare da yake jira ƙamshin farko ya wuce kafin ya yanke hukunci. Sai su ɗiga ruwa kaɗan, wanda yake fito da ƙamshin da ya ɓuya. Ƙanƙara mai yawa danne shi take yi. Masu haɗa wuski a masana'antu sukan shinshina samfura da dama a rana ba tare da sun haɗiye ba.

Ke nan wadda ta fi tsufa ta fi kyau?

Ba lallai ba. Idan ta daɗe ainun, itacen yakan rinjaye ta har ta yi ɗaci. Launi ma ba shaida ba ne, tunda doka ta yarda a ƙara mata launin ƙonannen sukari. Laushin kuma a harshe kawai yake: kashi 40 ɗin nan yana nan daram, kuma hanta ba ta san shekarun ganga ba.