Bin Mawaƙi Gari-Gari a Wasannin Sallah: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Niyyar Tafiya da Mota

Da an shiga goman ƙarshe na azumi, tallar wasan Sallah kan cika Facebook da TikTok: mawaƙi wane zai yi Kano ranar kaza, washegari Katsina, daga nan ya tsallaka Maraɗi da Damagaram, ya rufe da Yamai. Akwai matasan da kallon guntayen bidiyo a waya ya daina isar su, suna son su sha mai su bi gwanin nasu gari-gari, hutun Sallar ya ƙare a kan hanya. Ga abubuwan da suka fi tambaya.

Zan iya dogara da jerin ranakun da mawaƙin ya wallafa?

Rabi da rabi. A Turai da Amurka sau da yawa kamfani ɗaya ne ke riƙe da rangadin mawaƙi gaba ɗaya, a sanar da ranaku tun da watanni, mutum ya sayi tikiti ta intanet ya kwanta da kwanciyar hankali. A nan ba haka abin yake ba. Kowane gari da mai shirya wasansa, shi zai ba mawaƙi kafin alƙalami, shi zai kama wuri, shi zai nemi izinin hukuma, shi zai hayo kayan sauti da janareto. Hoton tallar da ka gani mai garuruwa biyar, ciniki biyar ne daban-daban aka jera a takarda ɗaya. Ɗaya yana iya rushewa sauran su tsaya. In mai shirya wasan Katsina ya kasa cika kuɗi, ko wani mai hali ya kira mawaƙin bikin 'yarsa a daren, shi ke nan.

Ga kuma maganar wata. Shi ya sa masu wayo ba sa rubuta kwanan wata, sai su ce "Sallah da kwana biyu". To Sallar wa? Najeriya na jiran sanarwar Sarkin Musulmi, Nijar na da nata masu duban wata, kuma ya sha faruwa a sami bambancin kwana ɗaya. A 2022 Nijar ta yi ƙaramar Sallah ranar Lahadi, Najeriya sai Litinin. Kwana ɗayan nan ya isa ya hargitsa maka lissafin masauki da na hanya.

Sai hukuma. A Kano akwai Hukumar Tace Finafinai, wadda aka kafa a 2001, ga Hisbah, ga 'yan sanda, kowannensu na iya dakatar da taro. Wanda ya ga yadda aka hana hawan Sallah kansa a Kano a 2024 da 2025 saboda rikicin sarauta, ya san wasan mawaƙi ba abin da zai gagari a soke ba ne.

Abin yi shi ne ka kira lambar da ke jikin tallar, ka ji da wa kake magana, ka tambayi wurin da za a yi da kuɗin shiga. Ka nemi bidiyon da mawaƙin da bakinsa ya ambaci garin da ranar, don akwai masu manna hoton mutum a talla shi bai ma sani ba. In kana da ɗan'uwa a garin, ka ce ya saurari gidajen rediyon can. Wasan da za a yi da gaske yakan sha talla a rediyo.

Wasa nawa ya kamata in bi?

Biyu, in ka matsa uku. Wannan ita ce shawarar da aka fi ƙi, kuma ita ce ta fi amfani.

Mawaƙi yakan sauka daga dandamali tsakar dare, ya faɗa bayan mota ya yi barcinsa, direba na tuƙi, yaransa na kula da kaya. In tafiyar ta yi nisa ya hau jirgi. Kai kuwa kai ne direba, kai ne ɗan kallo, kai ne mai neman masauki. In ka ce sai ka taka duk inda ya taka, a kwana na uku za ka riƙa gyangyaɗi a kan sitiyari. Kuma a gaskiya waƙoƙin su ne dai, jerin ma da wuya ya sauya. Abin da ke sauyawa jama'a ne. Saboda haka ka zaɓi wasa ɗaya a Najeriya, ɗaya a Nijar, ka bar kwana guda ko biyu a tsakani. A ganina wanda bai ga yadda mutanen Maraɗi ko Damagaram ke tarbar mawaƙin Hausa ba, bai gama sanin girman gwanin nasa ba: tun daga bakin gari 'yan babura ke rako shi, a filin kuma waƙa tun daga farko har ƙarshe a bakin jama'a take.

Wace hanya ce ta fi dacewa ga wanda zai tashi daga Kano?

Akwai zagaye ɗaya mai daɗin sha'ani, wanda ba sai ka maimaita doguwar hanya ba. Kano zuwa Katsina kusan kilomita 170 ne. Daga Katsina ka bi ta Jibiya, ka tsallaka iyaka a Magama, ka shiga Ɗan Isa, sai Maraɗi. Duka bai kai kilomita 100 ba. Daga Maraɗi ka kama babbar hanyar da ta ratsa kudancin Nijar ka yi gabas, ta Gazawa da Tasawa da Takeita, har Damagaram, wajen kilomita 240. Dawowa sai ka koma Takeita ka yi kudu ta Matamai, ka fita ta Ɗan Barto da Kwangwalam, ka faɗo Daura, Kazaure, Kano, shi ma wajen kilomita 240. Jimilla abin bai wuce kilomita 750 da 'yan kai ba, kuma babu zangon da ya fi ƙarfin tuƙin safiya zuwa azahar in iyaka ba ta riƙe ka ba.

Yamai kuwa magana ce daban. Daga Maraɗi kusan kilomita 660 ne, ta Madawa da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Wuni ne cur. In wasan Yamai ne ya tsaya maka a rai, ka ajiye motarka a hannun amintacce a Maraɗi ka hau bas ɗin Rimbo ko STM, ka huta da tuƙi.

Waɗanne takardu ake nema a kan iyaka?

Da can mutanen Jibiya da Maraɗi sukan shiga su fita kamar masu zuwa unguwa, amma shekarun nan sun sauya abin. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka sake rufewa, sai a Maris na 2024 aka buɗe. A 29 ga Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Tun daga nan abin da jami'ai ke karɓa yakan sauya, don haka fasfo shi ne mafi kwanciyar hankali, ka haɗa da katin rigakafin shawara. Kafin ka tashi da kwana biyu, ka je tasha ka tambayi direbobin da ke jigilar Maraɗi ko Damagaram kullum. Labarinsu ya fi na kowa sabunta.

Ita ma motar da nata: takardun mallaka na asali, lasin tuƙi mai rai, inshorar da ke aiki a ƙetare, da takardar izinin shigar mota ta wucin gadi da 'yan duwan, wato kwastan ɗin Nijar, ke bayarwa. In motar aro ce, ka karɓi rubutacciyar yarda daga mai ita. Ka yi kwafin komai ka ajiye daban. A cikin Nijar za ka riƙa cin karo da shingen jandarma da wuraren biyan kuɗin hanya. Ka adana ɗan rasit ɗin da aka ba ka, ana iya tambayarsa a gaba. Sallama da sakin fuska na rage tsawon tsayuwa, gardama na ƙara shi.

Batun tsaro fa?

Kada ka yi tafiyar dare. Ko an tashi wasa da wuri, ko abokai sun ce "ai nan da nan ne", ka kwana a garin. Yankin Jibiya ya sha fama da 'yan bindiga, haka kudancin Maraɗi wajen Madarunfa. Ka wuce wurin da rana tsaka, lokacin da motocin haya ke kai da kawo, kuma in mutanen tasha suka ce yau hanyar ba daɗi, ka juya zagayen: ka shiga ta Daura ka fita ta Daura. Mutanen gida su san inda ka kwana da inda ka dosa. Ka bar ɗora hotunan tafiya a intanet sai ka bar wurin.

Me zan duba a jikin mota?

A 'yan shekarun nan Sallolin biyu suna faɗowa tsakanin Maris da Yuni, wato tsakiyar bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40. Kwalta mai zafi ita ke tona asirin tsohuwar taya. Ka kai motar wajen bakanike mako guda kafin tafiya, ba ana gobe ba, domin in an sauya wani abu ka sami damar gwada shi a cikin gari. A duba lagireto da fambel da birki, a juye baƙin mai, a tabbatar safaya na da iska kuma jak na aiki. Ka ɗauki jarkar ruwa babba, ta mota da ta sha.

Mai kuwa, ka cika tanki a cikin Katsina ko Kano, kada ka bari sai ka kusa iyaka, gidajen man wajen ba abin dogaro ba ne. Kada kuma ka ɗauki man fetur a jarkoki, kwastan za su ɗauke ka ɗan fasa-ƙwauri. Nijar na da matatar SORAZ kusa da Damagaram tun 2011, amma hakan bai hana ta shiga ƙarancin mai a farkon 2025 ba, saboda haka duk inda ka ga gidan mai a buɗe tankinka ya yi rabi, ka tsaya.

Nawa zan tanada, kuma a wane kuɗi?

Tikitin wasa shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, mai ne ke cin kaso mafi tsoka, sai masauki, sai abinci. Mutum huɗu a mota ɗaya, a yi karo-karo tun a gida a damƙa wa mutum ɗaya, ya fi a riƙa "wa zai biya wannan" a kowane gidan mai. A ware wani abu na ko-ta-kwana wanda ba za a taɓa ba sai mota ta lalace.

Ka canji sefa tun a kasuwar canji ta Wapa a Kano ko a Katsina, ka nemi ƙananan takardu, don mai shayi ba zai sami canjin jika goma ba. Kada ka dogara da katin bankin Najeriya a can. Ka kuma koyi ƙidayarsu kafin ka yi ciniki: dala ɗaya sefa 5 ce, jika ɗaya sefa 1,000. In mai kilishi a Tasawa ya ce maka "dala ɗari", sefa 500 yake nufi. Ka sayi layin waya na can, Airtel ko Moov ko Zamani. In kuɗi suka yanke, ana iya turo maka ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita ko Amana.

Liƙi kuma, ka yanke abin da za ka yi tun kafin kiɗa ya ratsa ka, sauran ka bar shi a masauki. A tuna cewa a Najeriya sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya haramta watsa naira da tattaka ta, hukuncin ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma a 2024 EFCC ta gurfanar da fitattun mutane a kan haka. Ka miƙa a hannu ko a ambulan.

Masauki?

Lokacin Sallah ɗakuna kan cika. Ka kama tun da wuri, kusa da wurin wasan, mai wurin ajiye mota a ciki da maigadi. In kana da dangi a garin, sauka wurinsu ya fi, ka riƙe tsaraba, ka kuma gaya musu tun farko cewa za ka dawo da dare.

Me zan tarar a ranar wasan?

In an rubuta ƙarfe 4, kada ka sa ran ganin mawaƙin kafin bayan isha'i. Kafin nan masu tasowa ne za su yi ta hawa suna sauka, ga 'yan barkwanci, ga mai gabatarwa yana ta "yana nan tafe, ya kusa". Duk da haka ka je da wuri, ka ajiye motar nesa da bakin ƙofa ta fuskanci hanyar fita, ko ma ka bar ta a masauki ka hau a-daidaita-sahu. Ka yi la'asar da magariba kafin cunkoso. Waya a aljihun gaba.

A Nijar sau da yawa a gidan matasa da al'adu ake yi, ko filin kokawa, ko filin ƙwallo. A Yamai akwai cibiyar al'adu ta Umaru Ganda da filin wasa na Seyni Kunce. A filin kokawa gaban dandamali rairayi ne, da jama'a sun motsa ƙura ta tashi, ka ga hasken fitila ya zama ja, masu ruwan leda na ratsa mutane da bokiti a ka. Ka riƙe hankici ko takunkumi.

Abu ɗaya da kan ba sabon zuwa haushi: yawancin mawaƙan zamani faifai ake sakar musu su riƙa hawa kai, ba makaɗa ne ke kaɗawa nan take ba, wani lokacin ma minti 40 sun gama. In kiɗan hannu kake so, kalangu ko kotso da 'yan amshi, makaɗan gargajiya za ka bi, su kuwa an fi samun su a hawan Sallah da filin dambe da ƙofar fada.

Ni mace ce, ni da ƙawayena muke son zuwa. Zai yiwu?

Zai yiwu, 'yar'uwa, amma da shiri ya fi na maza. Ki fara da yardar gida, a sami ɗan'uwa namiji babba a tafiyar, don ko a shingen hanya tambayoyin sun fi sauƙi. Ku zaɓi wasan da ake yi a rufaffen ɗakin taro mai kujeru, ko wanda aka ware wa mata da yamma, ku biya kuɗin kujerun gaba ko da sun fi tsada. Ku fita kafin waƙar ƙarshe, turmutsitsin bakin ƙofa a lokacin tashi yake.

In na isa gari aka ce an fasa wasan fa?

Shi ya sa tun farko ake zaɓen garuruwan da ko ba mawaƙi sun cancanci a je su. A Katsina ga hasumiyar Gobarau, ga hawan Bariki washegarin Sallah. A Daura ga rijiyar Kusugu da hawan Magajiya. A Maraɗi ka gaida fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, ka leƙa Tsibiri wajen Gobirawa, tafiyar 'yan mintuna ce. Damagaram ita ce babban birnin Nijar har zuwa 1926, kuma unguwar Birni, da fadar Sarki da gidajen ƙasa masu zane a goshi da manyan duwatsun da ke tsakiyar gari, ta isa ta cinye maka wuni.

Kuɗin tikiti kuwa, da wuya su dawo in an fasa. Don haka in ba wasan da ake tsoron cikar wuri ba ne, ka bari sai ka ga an kafa lasifika an tayar da janareto, sannan ka saya a bakin ƙofa.