Waiwaye: Yadda Karatu Ya Iso Majami'un Karkarar Kano da Jigawa

A yawancin majami'un ƙauyukan Sumaila, Rogo, Tudun Wada da Roni, littattafan Hausa da ake amfani da su ba su wuce biyu ba: Littafi Mai Tsarki da Littafin Waƙoƙi. Idan cocin Katolika ne ko na Angalikan, a ƙara da littafin addu'a da kalandar bango mai ɗauke da ranakun tsarkaka. Duk lokacin da aka taso da batun samar wa jama'a abin karantawa na wata-wata, sai a ji ana cewa mutanen karkara ba sa son karatu. Tarihin lamarin bai goyi bayan wannan zargi ba.

An fara juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa tun kafin a sami Bahaushe Kirista ko ɗaya a ƙasar Kano. Wani Bajamushe mai suna Schön, wanda ya biyo kogin Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther a 1841, shi ya ɗauki aikin. Ya yi shi ne a Ingila, da taimakon Dorugu, yaron nan da Barth, Bajamushe mai yawon bincike, ya tafi da shi Turai. A 1857 aka buga bisharar Matiyu da ta Yohanna da Ayyukan Manzanni, Sabon Alkawari kuma ya kammala a 1880. Littafi ya samu, masu karanta shi ne babu.

A 1900 Bishop Tugwell na cocin Angalikan da ayarinsa na 'yan mishan suka iso Kano, Sarki Alu Babba ya sallame su ba tare da ɓata lokaci ba. Cikin ayarin akwai wani likita, Walter Miller, wanda ya koma Girku a ƙasar Zazzau, daga baya ya zauna a birnin Zariya. Shi da Hausawan da suka taru wurinsa da sauran 'yan mishan suka yi ta gyaran fassara har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932. Da boko aka buga shi, kuma wannan zaɓi ya yi tasiri fiye da yadda ake zato, domin duk wanda zai karanta shi sai ya fara koyon baƙaƙen da ba a koyarwa a makarantar allo.

Gwamnatin Turawa ta daɗe tana hana 'yan mishan shiga masarautun Musulmi. Sai a shekarun 1930 ƙofa ta buɗe, ta hanyar magani. Ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ta karɓi aikin kula da masu cutar kuturta a Sumaila da Yadakunya, ta buɗe asibitin ido a Kano a 1943, ta kafa makaranta a Roni da makarantar Littafi Mai Tsarki a Tofa. A nan ne labarin ya fi daɗi, kuma a nan aka fi yin sakaci da shi. Mutum zai zo jinya daga wani ƙauyen Maguzawa, ya shekara biyu ko uku, ya koma gida da lafiya da kuma iya karatu. Da yamma bayan an taso daga gona sai ya shimfiɗa tabarma a gindin bishiya, ya zana baƙaƙe a ƙasa da tsinke, samari su kewaye shi. Yawancin masu bisharar farko haka suka fara, ba albashi, ba takardar shaida. Wasu tsofaffin matan zumunta da ke raye yau ba su taɓa zama a aji ba, amma a kira lambar waƙa, kafin mai karatu ya gama buɗe shafi sun riga sun ɗauko baitin farko.

Aka kafa ECWA, cocin da ya fito daga aikin SIM, a 1954, aka yi Yaƙi da Jahilci, masu karatu suka ƙaru. Sabuwar fassara ta fito wajen 1980 daga Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya, har yau kuma akwai dattawan da ke cewa ta 1932 ta fi shiga rai. Sai dai bayan gwamnati ta karɓe makarantu da asibitocin mishan a shekarun 1970, shagunan littattafai suka yi ta raguwa, abin da ya rage kuma ya koma Turanci, domin masu saye a birni suke.

Batun ranakun tsarkaka kuwa ya bambanta daga ɗarika zuwa ɗarika. 'Yan ECWA da Baptis ba sa bin su, makon zumuntar mata da na matasa da godiyar kaka suka sani. Katolika, waɗanda cocinsu na Kano ya zama cikakkiyar dayosis a 1999 ya haɗa har da Jigawa, suna da su kowane wata. Akwai Cyprian Tansi ranar 20 ga Janairu, ɗan Nijeriyar da Fafaroma John Paul na biyu ya ɗaukaka zuwa matsayin mai albarka a 1998. Akwai Bakhita 'yar Sudan ranar 8 ga Fabrairu, da shahidan Uganda ranar 3 ga Yuni, da Monika da ɗanta Agustin ranakun 27 da 28 ga Agusta, daidai lokacin da gero ke fitar da kai. Duk 'yan Afirka ne, kuma labarin Bakhita, wadda aka sace tana yarinya aka sayar, ba baƙon labari ba ne a ƙasar da kakanni suka ga harin bayi. Amma katikis, wato malamin coci na ƙauye, yakan karanto sunan ne kawai daga kalanda, ya wuce, don tarihin yana cikin littafin Turanci a gidan Fada.

A ganina, babban giɓin ma ba nan yake ba. Ana tuna Crowther, da ya zama bishop a 1864, ana tuna Bingham da abokansa biyu, waɗanda suka fara aikin SIM, da suka sauka Legas a 1893. Wanda ya fara tara mutane a gindin bishiya a ƙauyenku fa, wa ya rubuta sunansa da shekarar da ya zo? Jikokinsa na nan, wasu ma har yanzu suna ajiye da littafinsa a ƙunshe cikin leda, da sunayen 'ya'yansa da ranakun haihuwarsu a bangon ciki.

Takarda ta yi tsada, gaskiya ne, amma yanzu kusan kowace majami'a tana da matashi mai waya, kuma akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa a cikinta, har da na saurare. Shafi biyu a wata sun isa: tarihin tsarkaka ɗaya ga masu bin kalanda, tarihin mai bishara ɗaya na yankin, da bayanin littafi ɗaya. A tura wa fastoci da katikis ta WhatsApp, a karanta bayan sujada. Ɗaliban makarantun tauhidi da ke neman abin rubutawa su ne ya kamata a tura wurin dattawan nan da rani, lokacin da aikin gona ya yi sauƙi.