Idan makullin tayoyin baya na tarakta ya cije

'Yan uwa manoma da direbobin tarakta, kafin a ɗaura haro a bana, a duba ƙaramar fedar nan da ke wajen dunduniyar dama a tsofaffin Massey Ferguson irin su 165 da 265. Ita ce makanikai ke kira dif-lok. Aikinta ta haɗe tayoyin baya biyu su juya tare idan ɗaya ta fara sulɓi a laka. Da yake sai an shiga fadama ake tunawa da ita, sandar da ke ƙarƙashinta takan yi rani guda tana shan ƙura da danshi, tsatsa ta kama ta.

In ta cije a sama, taya ɗaya ce za ta yi ta haƙa rami ɗayar na tsaye. In kuwa a ƙasa ta cije, nan ne haɗarin yake: ka murɗa sitiyari a ƙarshen kunya, tayoyin gaba su karkata, amma tarakta ta miƙe abinta. A bakin kwalbati ko a kan titi da tirela cike da taki, wannan kan ci rai.

Kada a yi gaggawar ɗora wa tsatsa laifi. Sau da yawa haƙoran ciki ne suka matse saboda nauyi. A daidaita sitiyari, a ɗan taɓa birkin taya ɗaya, ko a yi ribas kaɗan. In fedar ta yi tsalle ta dawo, shi ke nan.

In ba ta dawo ba, a samu wuri mai tauri, a kashe injin, a sa wa tayoyin gaba waigi. A ɗaga tayar baya ɗaya da jak, a tokare da katako mai ƙarfi, giya a firi, birki a sake. Tayar ta juya da hannu, to a buɗe makullin yake. Ta ƙi motsi, a kulle yake. Don Allah kada a tada injin a sa giya a wannan hali, domin tayar da ke ƙasa za ta ture taraktar daga kan jak, ga yaro durƙushe a gefe yana miƙo sifana.

Sai a kankare busasshiyar lakar da ta daskare a gindin fedar har ƙarfe ya fito. A zuba man kwance tsatsa irin WD-40, in babu a yi da gas ko kananzir, safe da yamma, kwana biyu ko uku. A riƙa ɗan bubbuga wurin da ƙaramar guduma ana girgiza fedar sama da ƙasa. Da farko motsin bai fi kaurin farce ba, sannan a ga jan ruwa na tsiyaya daga bakin sandar. Alamar nasara ke nan, a ƙara mai a ci gaba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu zura dogon bututu a fedar su hau kai da ƙarfin tsiya. Ba tsatsar ke karyewa ba, fil ɗin ko cokalin ƙarfen da ke tura makullin a ciki ne, kuma sai an sauke aksil gaba ɗaya kafin a kai gare shi. Gasa wurin da wuta ma a bar shi, yana ƙona robar da ke tare mai.

In fedar ta saki amma ba ta tashi da kanta, a duba sifirin ɗin da ke mayar da ita sama. A leƙa man giya kuma: ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, a juye a zuba sabo. Wadda ta ƙi saki bayan duk wannan, ta bakanike ce.

Bayan an gyara, a shafa giris, a riƙa taka ta sau ɗaya a mako ko da rani ne. A gona kuma, in taya na sulɓi da ƙarfi, a fara taka kuloci ta tsaya kafin a danna makullin, a sake shi kafin a sha kwana.